Nauyi a ƙasa, igiya a kai: abin da ke hana jirgin ruwa kifewa

Duk wanda ya taɓa aza wa jaki mangala ya san ba a cika gefe ɗaya a bar ɗaya. Haka nan direban babbar mota mai lodin albasa a Galmi ba zai yarda a jera kaya masu nauyi a sama, marasa nauyi a ƙasa ba, domin ya san a kwanar farko motar za ta kwanta. Wannan ilimi muna da shi a tudu, kuma ba a makaranta muka koye shi ba. Abin mamaki shi ne, da zarar mun iso bakin kogi da kayanmu, sai mu ajiye shi a gaɓa, mu auka cikin jirgi kowa na kokawar ganin kayansa sun kasance a sama, shi kuma ya haye kansu ya zauna.

Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu tsawon kilomita kusan 550, tun daga iyakar Mali har zuwa ƙasan Gaya, kuma kasuwanni irin su Ayoru da Bubon da Gaya sun daɗe suna ci da jiragen ruwa. Amma mu mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, da yawanmu ba mu tashi da ruwa ba, ba mu kuma iya iyo ba. Sai ga shi a shekarar 2023, bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, fatake da mata ƴan kasuwa waɗanda ba su taɓa taka kwale-kwale ba suka samu kansu a tsakiyar kogi tare da jarinsu. Saboda haka maganar jirgi ta wuce ta Sarkawa da masu fito kaɗai, ta zama tamu duka.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Satumba na 2017 ba, lokacin da wani jirgi ɗauke da ƴan kasuwa daga yankin Gaya zuwa kasuwar Lolo, cikin jihar Kebbi ta Najeriya, ya nutse, aka rasa rayuka aƙalla 33. Hukumomin agaji na can sun ce jirgin na mutum 70 ne, amma ya ɗauki kimanin 150, ban da kaya. Duk lokacin da irin wannan ta auku, abin da muke ji shi ne lodi ya yi yawa. Gaskiya ne, amma rabin magana ke nan. Jirage biyu iri ɗaya za su iya ɗaukar nauyi iri ɗaya, guda ya tsallake lafiya, guda ya kife. Bambancinsu shi ne inda aka ajiye nauyin, da kuma ko an ɗaure shi.

Darasi daga jirgin iska

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne matuƙan ƙananan jiragen da iska ke turawa, irin waɗanda ake gani a gaɓar tekun Kenya da Zanzibar da kuma kogin Nilu. Irin wannan jirgi ana kafa masa dogon itace a tsakiya, a ɗaura masa faffaɗan ƙyalle wanda ke tare iska. To iskar da ke tura shi gaba, ita ce kuma ke tura shi gefe, kuma a can sama take turawa, kamar yadda za a kama dogon mutum a ka a tunkuɗe shi. Idan babu abin da ke riƙe da gindin jirgin, kifewa zai yi nan take.

Maganin da suka samu shi ne su zuba wani nauyi na musamman a can ƙasan cikin jirgin, wanda ba na sayarwa ba ne, ba kuma a sauke shi a kasuwa. Masu Faransanci na kiran sa "lest", mu kuma bari mu kira shi nauyin gindi.  Duk lokacin da iska ta kwantar da jirgin gefe guda, ruwan da ke ƙarƙashin wannan gefen yana tura shi sama, nauyin gindi kuma yana jan tsakiya ƙasa, su biyun su haɗu su miƙar da shi. Gwargwadon yadda nauyin ya yi ƙasa, gwargwadon ƙarfin dawowar jirgin. A jiragen iska na zamani masu shiga teku, nauyin gindi kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin baki ɗaya, wani lokaci ma ya fi haka. Wato dai da gangan mai jirgi ke ɗaukar kayan da ba za su biya shi ko dala ba, don kawai ya isa gida.

Da me ake yin sa, kuma ina ake sa shi

Tun da wurin da ke can ƙasan jirgi ƙarami ne, ana neman abin da ya fi nauyi a ƙaramin wuri. Mu ɗauki gwangwanin lita ɗaya mu auna. Idan ruwa ne a ciki, kilo 1 ne. Busasshen yashi ya kai kilo ɗaya da rabi ko ya ɗan ɗara. Kankare kusan kilo biyu da rabi. Ƙarfe ya kusa kilo 8. Darma kuwa ta haura kilo 11. Shi ya sa mai hali ke zuba darma, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi guntayen ƙarfe ya shafe su da fenti saboda tsatsa, ko ya haɗa su da siminti a ƙananan akwatuna. Talaka kuma ya ɗura yashi ko tsakuwa a buhuna, ko ya jera duwatsu. Darma dai guba ce, don haka masu amfani da ita suna rufe ta da kyau, ba sa barin ta kusa da abinci ko hannun yara.

Wurin ajiyewa shi ne kusa da ƙashin bayan jirgi, wato dogon itacen da ya tashi daga goshi zuwa baya a can ƙasa, kuma a tsakiyar tsawon jirgin. Dama da hagu dole su yi daidai. Ba a tara shi a goshi, domin jirgin zai riƙa dulmiya hanci cikin igiyar ruwa. Ba a tara shi a baya, domin goshi zai ɗaga, iska ta riƙa juya shi yadda take so. Matuƙi mai hankali ba ya zuba shi gaba ɗaya rana guda. Yakan sa kaɗan, ya ɗaura jirgin a ruwa mai kwanciya, ya koma nesa ya duba ko ya zauna sosai, ya fita gwaji, sannan ya ƙara ko ya matsar. Kuma ya san iyaka, domin kowane kilo da ya ƙara yana ƙara nutsar da jirgin, bakin jirgi na ƙara kusantar ruwa.

Abin da rashin nauyin gindi ke jawowa, tarihi ya rubuta shi. A ranar 10 ga watan Agusta na 1628, wani katafaren jirgin yaƙi na sarkin Suwidin mai suna Vasa ya tashi tafiyarsa ta farko daga birnin Istokholm. An ɗora masa igwa 64 a benaye biyu, aka zuba masa duwatsu kimanin ton 120 a gindi, waɗanda ba su isa riƙe nauyin da ke sama ba. Kafin tafiyar an gwada shi: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zagaye uku aka tsayar da su don tsoron kada ya kife a tashar. Duk da haka ba wanda ya hana shi tashi. Bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo, mutum kimanin 30 suka mutu. Sai a 1961 aka tsamo shi. Manyan da ke wurin sun ga alama da idonsu, amma kowa ya ji nauyin faɗa.

Nauyin da ke yawo ya fi rashinsa haɗari

Zuba nauyi a ƙasa bai wadatar ba sai an kafe shi. Idan jirgi ya karkata dama, dutsen da ba a ɗaure ba zai gangara dama, ya ƙara danne gefen da ya riga ya yi ƙasa. Abin da aka sa don ya miƙar da jirgi, sai ya zama shi ne ke hana shi tashi. Idan kuma jirgin ya kwanta sosai, guntun ƙarfe mai kilo 20 zai iya faɗowa ya fasa katako ko ya karya ƙafar mutum.

Saboda haka matuƙan jiragen iska suke jera nauyin tsakanin haƙarƙarin jirgi, su shimfiɗa masa roba ko itace a ƙasa don kada ya ci katakon gindi, su cusa guntayen itace a duk wata kafa har ya daina motsi, sannan su gitta katako mai kauri a kansa su ɗaure da ƙusa mai noti a jikin haƙarƙarin. Ba a jikin siririn katakon bango ake ɗaurewa ba, domin shi ba zai riƙe ba. Ma'aunin da suke bi shi ne: ko da jirgin zai juya gindi sama, kada ko guda ya bar wurinsa. Suna kuma barin hanyar da ruwa zai bi ya taru wuri ɗaya inda za a kwarfe shi, kuma lokaci lokaci suna buɗewa su duba tsatsa da ruɓewar katako.

Kaya ma haka suke. A watan Satumba na 1957 wani babban jirgin iska na ƙasar Jamus mai suna Pamir ya taso daga Ajantina da sha'ir fiye da ton 3,700, mafi yawansa zube ba cikin buhu ba. Guguwa ta same shi a tsakiyar tekun Atlantika, ya karkata hagu, hatsin ya kwarara hagu, bai sake miƙewa ba. Cikin mutum 86 da ke ciki, 6 kaɗai suka tsira.

Ruwa kuwa ya fi hatsi saurin gudu. Duk macen da ta taɓa ɗauko bokiti a ka ta san cikakke ya fi rabi sauƙin ɗauka, domin rabin yana tangaɗi yana jan wuya, shi ya sa ake jefa ganye ko ƙwarya a kai. Haka tano mai lita 200 yake a cikin jirgi: idan cike yake kuma a ɗaure, nauyi ne mai amfani, idan rabi ne, duk inda jirgi ya karkata can zai bi. Mafi muni shi ne ruwan da ya taru a gindin jirgi yana kai da komo daga gefe zuwa gefe. Yaron da ke kwarfa ba aikin banza yake yi ba, kuma duk wanda ya toshe masa wurin kwarfa da buhu ya cuci kowa.

Mu ma kaya ne

Wani zai ce jiragenmu na kogi da inji suke tafiya ko da gora, ba su da ƙyallen iska, to mene ne haɗinmu da wannan? Haɗin yana nan. Jirginmu siriri ne, gindinsa ba zurfi, kuma ba a zuba masa nauyin gindi na dindindin. Kayan da muka kawo su ne nauyin gindinsa, idan an jera su daidai. Katifu da robobi da kwanduna da aka tula sama kuwa, su ne ƙyallensa, domin iskar da ke zuwa gaban hadari a damina ba ta tambaya ko ƙyalle ne ko katifa, turawa take yi.

Sannan ga mu, fasinjoji, kayan da ba a iya ɗaurewa. Mutum mai kilo 70 idan ya zauna a ƙasan jirgi yana taimaka masa. Idan ya miƙe tsaye, tsakiyar nauyinsa ta koma wajen cibiya, kusan mita guda sama. Idan ya haye kan buhuna hawa uku, ya fi haka. Mutum 20 a kan kaya, nauyin buhun siminti 28 ke nan aka rataya a sama. Idan igiyar ruwa ta fantsamo ta dama suka zabura hagu gaba ɗaya, babu matuƙin da zai iya tare wannan.

Abin da ya faru da jirgin Joola na ƙasar Senegal ya isa wa'azi. A daren 26 ga watan Satumba na 2002, jirgin ya taso daga Zigincor zuwa Dakar, cikinsa da ɗalibai masu komawa makaranta da mata ƴan kasuwa irinmu masu kai mangwaro da manja da busasshen kifi babban birni. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, ya ɗauki kusan 2,000, kuma da yawansu suna benayen sama. Hadari ya taso a gaɓar Gambiya, cikin ƴan mintoci ya kife. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka rasu, 64 suka tsira. Jirgin ƙarfe ne babba mai inji, amma dokar da ta kifar da shi ita ce mai kifar da kwale-kwale.

Abin da ke hannunmu a bakin kwata

Mun san dalilin da ya sa kowa ke son kayansa a sama. Mai garin rogo da mai gishiri da mai siminti suna tsoron jiƙewa. Mai atamfa tana tsoron a taka mata. Wata tana son ta fara sauka ta kama wuri a kasuwa, wata kuma ba ta yarda idonta ya bar kan ƙullinta, domin kuɗin adashe ne ta zuba a ciki. Waɗannan duka dalilai ne na gaskiya, kuma suna da magani. Ƴan itatuwa ko katako da aka gitta a gindin jirgi sun isa ɗaga buhu daga ruwa, leda ko tamfol ya rufe sama. Alamar fenti a jikin buhu ta isa raba gardama. Jinkirin minti goma wajen sauke kaya bai taɓa karya jarin kowa ba, kifewa kuwa tana cinye uwa da riba, ta haɗa da mai su.

To ga abin da ya kamata mu sa ido a kai kafin mu biya kuɗin fito. Kaya masu nauyi, irin su siminti da hatsi da gishiri da cikakkun bidodi, su fara shiga, a jera su a ƙasa, a tsakiya, dama da hagu daidai. Marasa nauyi su biyo baya, kuma kada tulinsu ya yi tsawon da zai tare wa matuƙi gani. Babur a kafe shi a ɗaure ta gefe biyu, tano a sa masa waigi don kada ya mirgina, dabba a kwantar da ita a ɗaure a tsakiya. Igiya ta bi ta kan kaya ta kama jikin jirgi, ba kaya su kama kaya ba. A bar wurin kwarfa a buɗe. Mutane su zauna ƙasa gwargwadon iko, a raba su gefe biyu, kuma kowa ya zauna inda aka sa shi har a isa.

Idan an gama lodi, mu tsaya a gaɓa mu dubi jirgin kafin mu shiga. Ya karkata gefe guda? Goshi ko baya ya nutse fiye da kima? Nawa ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi? Idan taƙi guda ne ko ƙasa da haka, igiyar wani jirgi mai wucewa ma ta isa cika shi. Idan mutum ɗaya ya taka baki jirgin ya karkata ya daɗe bai dawo ba, nauyi ya yi sama ke nan, wannan ita ce alamar da mutanen Vasa suka gani suka yi shiru. A nan sai mu tuna da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu jira na gaba.

A kula kuma da lokaci. Kogin Isa na cika sau biyu: a watannin Agusta da Satumba da ruwan damina mai ja, sannan a Disamba da Janairu da ruwan da ke gangarowa daga Gini. Lodin da jirgi ya tsallake da shi a watan Mayu, lokacin da ruwa ya janye, ba shi zai ɗauka a Satumba ba. Tafiyar dare da tafiya gaban hadari kuwa, ko da rabin lodi ne, ganganci ne. Rigar ceto ita ce gaba da komai, inda ake da ita a sa ta tun a gaɓa. Inda babu, bido mai lita 25 da ba komai a ciki, an toshe bakinsa da kyau, yana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Mai hankali yakan ajiye shi kusa da hannu, kada a danne shi a ƙarƙashin kaya.

Kira ga masu jirgi da hukuma

A ƙasar Ingila, cikin ƙarni na 19, masu jirage sun riƙa cika su fiye da kima suna tura matuƙa ga halaka, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tashi tsaye a kan lamarin. A 1876 aka kafa dokar da ta tilasta zana layi a jikin jirgi, wanda idan ruwa ya rufe shi, an wuce iyaka. Har yau duk babban jirgin da ya tsaya a tashar Kwatano ko Lome yana ɗauke da wannan alama. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa a yi wa jirage da dama irinta a Gaya ko Ayoru. Amfaninta shi ne ba ta buƙatar karatu: tsohuwa mai tallar kuka ma za ta iya nunawa da yatsa ta ce layi ya ɓace, a rage.

Wannan aiki ne da sarakunan ruwa da shugabannin masu fito da magadan gari za su iya zama su yi, tare da ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa, kowane jirgi a auna shi a gaban shaidu, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka a goshinsa. Mai jirgi zai ce rage lodi rage kuɗi ne, ga mai ya yi tsada. Mun ji, kuma idan sai an ƙara ƴan daloli a kan kowane buhu kafin ya tsaya a kan layi, mu ƴan kasuwa ya kamata mu fara yarda, domin mu ne a ciki.

Rai da ajali na hannun Allah, babu mai musun haka. Amma jera buhu da ɗaure igiya a hannunmu aka bar su. Idan matuƙi ya ce Hajiya sauko daga kan kayan nan ki zauna ƙasa, ko Alhaji buhunka zai koma tsakiya, kada mu ɗauka raini ne. Idan kuma shi ne ya ƙi ji, mu haɗa baki mu ƙi shiga, domin jirgi ba ya tashi sai da kuɗinmu. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa kasuwa lafiya, ya maido shi ga iyalinsa da riba.